"An Kai Shi Ajiya": Lauyoyinmu Da Mu Kanmu, Har Yaushe Za Mu Zuba Ido?

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga motar Kaduna da sassafe daga Kasuwan Magani ko Kufana ya san irin matan da nake nufi. Za ka gan su da kwanon abinci a ƙulle cikin ɗankwali, da sabulu da ɗan garin kwaki a leda. Idan ka tambayi ɗayarsu ina za ta, sai ta ce za ta duba ɗanta. Laifin me aka ɗaure shi? Ba a ɗaure shi ba, an dai kai shi ajiya. Tun yaushe? Sai ta fara lissafi da damina, domin watannin sun ɓace mata.

Wannan kalma ta "ajiya" ita nake so mu tattauna yau, kuma ba zan ɓoye ba, da ɓacin rai nake rubutun. Ɗan maƙwabcina, ɗan acaɓa ne, an kama shi cikin wani samame da aka yi bayan wani hari. Ya shekara ɗaya da wata bakwai a tsare. Mahaifinsa ya sayar da shanun noma biyu, ya jinginar da gona, ya biya wani lauya har sau uku. Ranar da aka sallami yaron, alƙali bai ce yana da laifi ba, bai kuma ce ba shi da laifi ba, saboda tun farko ba a taɓa buɗe shari'ar ba. Takarda ce kawai ta fito daga ofis cewa babu hujja a kansa. Ya dawo gida da tari, babur ya tafi, matar da zai aura ta yi aure. Babu wanda ya ce masa ko sannu.

Ga yadda abin yake tafiya, ga wanda bai sani ba. 'Yan sanda sun kama mutum bisa zargin kisa, ko fashi da makami, ko garkuwa da mutane. Waɗannan manyan laifuffuka babbar kotu ce ke da hurumin sauraronsu. Amma ba can ake kai shi ba. Sai a rubuta takardar FIR a kai shi gaban majistare, wanda kowa ya san ba shi da ikon yi masa shari'a. Majistare ya ce a ajiye shi a gidan gyaran hali, a aika fayil ma'aikatar shari'a domin neman shawara. Daga nan sai jira. Wani lokaci fayil ɗin ma bai bar ofishin 'yan sanda ba, ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki, ko kuma ba wanda ya ba da kuɗin kwafi. Ranar zaman kotu ta zo, a ce babu motar da za ta kawo fursunoni. A ɗaga. Wata rana alƙali ya tafi taro. A sake ɗagawa. A haka mutum zai tsufa. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali ta ƙasa sun daɗe suna nuna cewa wajen biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba wanda ya yanke musu hukunci.

Mu a Kajuru ba sai an ba mu labarin wannan ba. A watan Fabrairu na 2019, bayan kashe-kashen da aka yi a wannan ƙaramar hukuma, an kama dattawan Adara tara, aka kai su gaban majistare a Kaduna, aka ajiye su a kurkuku. Sun yi sama da wata uku. Daga ƙarshe kotu ta sallame su, domin binciken bai samo abin da za a tuhume su da shi ba. Ku tuna, waɗannan mutane ne masu suna, da ƙungiya a bayansu, da lauyoyi, jaridu kuma suna ta rubutu a kansu. Haka nan a ranar 1 ga Nuwamba 2024 duk ƙasar nan ta ga hoton yaran da aka kwaso daga Kano da Kaduna bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, aka gurfanar da su a babbar kotun tarayya da ke Abuja bayan kusan wata uku a tsare, wasunsu suna faɗuwa a gaban alƙali saboda yunwa. Sai da duniya ta yi ca kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. To idan masu gata da waɗanda kyamara ta ɗauka sun yi wata uku, ɗan makiyayin da aka kama a bakin kasuwar Maro, ko ɗan manomin Kallah da ba wanda ya san sunansa, shi wata nawa zai yi?

Zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Lokacin da aka tsare waɗancan dattawa, akwai mutanenmu da suka ce Allah ya ƙara. Lokacin da ake kwashe samarin Hausawa da Fulani bayan kowane hari, akwai mutanensu da suke cewa Allah ya ƙara. Kowa yana murna idan ramin ya rufta da maƙwabci, ya manta rami ɗaya ne. Ɗakin ajiya ba ya tambayar yare, ba ya tambayar ko masallaci kake zuwa ko coci. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, Bahaushe ya ce shafa wa naka ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Sashen ya ƙara da cewa wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Gaskiya ne, Kotun Ƙoli a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007 ta halatta wa majistare ya ba da umarnin ajiya ko da ba shi da hurumin shari'ar, kuma nan ne ake fakewa. Amma dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta zo ta sa wa abin linzami: kwana 14 a karon farko, a ƙara wasu 14 idan an kawo dalili mai kyau, daga nan kotu ta kira shugabannin 'yan sanda da Antoni Janar su zo su faɗi dalilin da ya sa ba za a saki mutumin ba, idan babu dalili a sallame shi. Ta kuma ba Antoni Janar kwana 14 ya fitar da shawara bayan fayil ya iso hannunsa. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017 bisa wannan tsari, kuma ita ma ba ta yarda da ajiya marar wa'adi ba.

Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ke aiki a kowane caji ofis na ƙasar nan, ta ƙara ɗaure zancen. Sashe na 32 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Sashe na 36 ya hana kama wani a madadin wani, wato ba a kama uwa don ɗa ya gudu, ba a kama mata don miji ya ɓuya. Sashe na 66 ya ce kowane babban ofishin yanki ya kasance da ɗan sanda lauya aƙalla ɗaya mai sa ido kan kare haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 70 ya ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda da ke yankinsa duk wata, ya duba waɗanda ke tsare, ya ba da beli inda ya dace. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. A 2024 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Akaeze, ta yanke cewa ɗaukar bayanin amsa laifi a bidiyo da kuma halartar lauya, waɗanda dokar 2015 ta tanada, wajibi ne, ba ganin dama ba. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ma ta ba shugaban gidan yari damar ƙin karɓar sabbin mutane idan gidan ya cika, aka sanar da hukumomin shari'a ba su ɗauki mataki ba. Tun 2023 kuma gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran halin.

Duk wannan yana rubuce. To me ya hana ya yi aiki a Kajuru da Kachia da Zonkwa da Kafanchan? Doka ba ta da ƙafa. Sai wani ya ɗauke ta ya kai gaban alƙali ya ce ga abin da aka ce. Wannan wani ɗin shi ne lauya.

Saboda haka, Barista, da kai nake. Na san wahalarka, ba zan yi maka rashin adalci ba. Na san kana tasowa daga Kaduna ko Kafanchan da man motarka, ka bi hanyar Kachia da zuciyarka a hannu, ka iso a ce kotu ba ta zama. Na san yawancin masu zuwa wurinka talakawa ne, wani da kaza zai biya ka, wani da addu'a. Na san kana biyan kuɗin lasisi duk shekara kafin ƙarshen Maris, ga kuɗin hatimin ƙungiyar lauyoyi, ga hayar ofis. Na kuma san akwai lauyoyi a yankin nan da suka fitar da mutane daga kurkuku ba su karɓi ko sisi ba, Allah ya saka musu. Amma akwai wani salo da ya zama ruwan dare, kuma kai ma ka san shi. A karɓi kuɗin iyalin wanda aka kama, a je gaban majistaren da ba shi da hurumin ba da beli a laifin kisa, a yi turanci na minti biyar, a ce an ɗaga, a fito a ce wa tsoho ya kawo kuɗin zama na gaba. Ka san tun kafin ka sa rigarka cewa wannan ƙofar ba za ta buɗe ba. Ƙofar da ke buɗewa tana babbar kotu: takardar neman beli, ko ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin ƙa'idojin 2009, waɗanda suka yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, kuma ba su sa wa'adin da ƙarar za ta mutu ba. Me ya sa ba ka gaya wa tsohon haka ba tun ranar farko?

Sau nawa ka miƙe ka tunatar da majistare cewa wa'adin ajiya ya cika? Sau nawa ka rubuta wa daraktan shigar da ƙara na jiha wasiƙa da lambar fayil, ka ajiye kwafi, ka sake rubutawa bayan mako biyu? Sau nawa ka ƙalubalanci takardar amsa laifin da aka rubuta da Turanci aka sa wanda bai iya karatu ba ya dangwala yatsa, babu lauya, babu bidiyo? Sau nawa ka nemi diyyar da sashe na 35 ya ambata? Na san amsar da ake bayarwa: kada a ɓata da 'yan sanda, gobe za a sake haɗuwa. To idan lauya yana tsoron ɓata wa DPO rai fiye da yadda yake tsoron haƙƙin wanda ya ɗauke shi aiki, wa ya rage wa talaka?

Sai maganar kuɗi. A 2023 an fitar da umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a kan ayyukansa, kuma ƙungiyar lauyoyi ta NBA tana ta kira ga 'ya'yanta su bi shi. Ba ni da ja, mai aiki ya cancanci ladansa. Amma wannan umarni ɗin dai shi ne ya ce lauya ya ba wanda ya ɗauke shi aiki sharuɗɗan aikin a rubuce. Me ya sa ake tuna rabin da ya shafi farashi, a manta rabin da ya shafi takarda? Maƙwabcina ya biya sau uku, ba shi da rasit ko ɗaya, bai san abin da kuɗin ya saya ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Lauyan da ya ba da rasit ya kare kansa ne daga zargi, ya kuma raba kansa da 'yan damfarar da ke yawo a harabar kotu da baƙar kwat ba su taɓa shiga makarantar lauyoyi ba.

Na san abin da wani zai rubuto mini a ƙasa. Zai ce, Malam, kana kare 'yan bindiga ne? Ka manta abin da ya same mu? Ban manta ba. Ban manta rikicin Kasuwan Magani na Oktoba 2018 da aka ce mutum 55 sun mutu ba. Ban manta yadda aka sace Agom Adara, Maiwada Galadima, aka kashe shi a cikin wannan watan ba. Ban manta daren da aka kwashe mutum 87 daga Kajuru Station a watan Maris 2024 ba. Saboda ban manta ba ne nake wannan magana. Ka tambayi kanka, a cikin duk waɗannan, mutum nawa ka ji an yi wa shari'a a buɗe, shaidu suka zo, alƙali ya yanke hukunci? Ajiya ita ce hanyar da ake rufe fayil ba tare da an yi aiki ba. An kama mutum goma, an nuna su, hankalin jama'a ya kwanta, bincike ya tsaya. Idan akwai mai laifi a cikinsu, kafin a fara shari'a bayan shekara huɗu shaidu sun watse, wasu sun mutu, wasu sun ji tsoro, sai ya fita ya dawo daji. Idan kuma babu, to mai laifin yana nan yana dariya, an kuma ƙara masa sabbin abokai, domin yaron da ya shiga ɗaki ɗaya da gaggan ɓarayi shekara biyu, ya fito ba babur ba gona, waye zai fara nemansa da aiki? Mai son a hukunta ɗan bindiga shi ya kamata ya fi kowa ƙin ajiya, saboda hukunci ba ya zuwa sai ta hanyar shari'a.

Yanzu bari in juyo kanmu, don ba lauyoyi kaɗai ke da laifi ba. Mu ne muke kai ƙarar bashin taki ko rikicin iyakar gona ofishin 'yan sanda, mu ce a kulle mana mutum ya ji jiki, alhali doka ta hana. Mu ne muke rubuta sunan abokin gaba mu miƙa a matsayin mai kai wa 'yan bindiga bayani, don kawai mun yi faɗa a kan mace ko fili. Mu ne muke karanta rubutun da ke jikin bango cewa beli kyauta ne, mu sa hannu a aljihu tun ba a tambaye mu ba. Mu ne muke cewa lauya maƙaryaci ne, mai kare ɓarawo ne, sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada sannan mu neme shi, bayan yaro ya riga ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba. Kwana biyun farko su ne suke yanke makomar mutum. Kuɗin da za mu kashe wa dillalin da ya ce ya san wani babba a Kaduna, da mun ba lauya na gaskiya a ranar farko, da ba a kai ga sayar da shanu ba. Wanda kuma ba shi da hali, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya, wadda dokar 2011 ta ɗora wa kare duk wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a yanzu. Mu nawa ne muka taɓa taka ofishinta a Kaduna?

Ga abin da nake nema, kuma babu ɗaya a ciki da ke buƙatar sabuwar doka. Rassan NBA na Kafanchan da Kaduna da Barnawa su raba ofisoshin 'yan sandan kudancin jihar nan a tsakaninsu, su riƙa raka majistare ziyarar wata-wata, su kuma faɗa wa jama'a ranar da aka je da ranar da ba a je ba. Ma'aikatar shari'a ta jiha ta riƙa fitar da adadin fayilolin da ke jiran shawara da tsawon lokacin da kowanne ya yi. Babban alƙalin jiha, idan ya kai ziyarar rage cunkoso gidajen yarin Kaduna da Kafanchan, kada a tsaya ga sakin mutane kawai, a tambayi a teburin wa fayil ɗin ya kwana. Kowane lauya ya ba da takardar yarjejeniya da rasit, ya kuma gaya wa iyali gaskiya game da kotun da ke da ikon ba da beli.

Mu kuma a ƙungiyance, mu buɗe littafi. Duk ɗan yankin nan da aka kama, a rubuta ranar kamu, da ofishin da aka kai shi, da kotun da ta ajiye shi, da ranar zama na gaba. Mu sa ɗan abin da ya sawwaƙa a asusu, mu ɗauki lauya ɗaya ko biyu da za a iya kira ko da tsakar dare. Mu kuma miƙa hannu ga ƙungiyoyin maƙwabtanmu Adara da Fulani da Gbagyi su yi irin wannan, mu haɗa littattafan mu kai wa hukuma tare, domin takardar da ke ɗauke da sunayen kowane ɓangare ta fi wuyar jefawa a kwandon shara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya yi laifi a kai shi kotun da ta dace, a kawo shaidu, a hukunta shi, ni ne na farko da zan ce madalla. Wanda bai yi ba a sake shi ya je ya yi noma tun damina ba ta wuce ba. Duk wanda yake da ɗan'uwa a ajiya fiye da wata biyu, ya kawo wa shugabannin ƙungiya bayaninsa a zama na gaba, mu fara da su. Allah ya ba mu zaman lafiya a Kajuru da kudancin Kaduna baki ɗaya.